Yaɗiyar Ikko

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano, akwai wata mata a Gumel, can unguwar da ke bakin hanyar Maigatari, ana ce mata Zinariya mai lalle. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ya bar mata gida, da 'yar gonar lalle a bayan gari, da ɗa guda ɗaya, Ishaƙ. 'Ya'yan da ta haifa bayansa babu wanda ya tsaya. Shi ne na fari, shi ne kuma ya rage mata.

Da yake ɗan fari ne, Zinariya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yana ƙarami "wannan yaron" take cewa, da ya yi aure kuma ta koma cewa "mai gidan Hajaratu". Ba ta zama ta yi hira da shi a gaban mutane. In wata ta yaba hankalinsa a gabanta, sai ta kau da kai ta kawo maganar tsadar gishiri. Haka ta taras iyayenta na yi, haka ta yi. Amma kowa a gidan ya san ƙoƙon furar da ya fi nono na wane ne.

Ishaƙ koren shanu yake yi. Fatake su sayi shanu a kasuwar Maigatari, shi da abokansa su kora su a ƙafa har Ikko, can bakin teku, tafiyar watanni. In an sayar, su hau jirgi su dawo Kano, daga nan su tako zuwa gida. A wata dawowa, wajen ƙarshen damina, ya kwance kayansa a tsakar gida yana rabon tsaraba. Ya ba kawunsa Ɗantsoho, ƙanin Zinariya, goro. Ya ba matarsa Hajaratu zane mai ruwan bula. Sannan ya ɗauko wani gora da aka fasa wa baki, an toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a gaban uwarsa.

"Inna, ga naki."

Zinariya ta leƙa. Wani ɗan reshe ne mai ganyaye kaɗan, masu kauri kamar fatar takalmi, suna sheƙi kamar an shafa musu mai.

"Ganye ka ɗauko mini tun daga bakin teku? Na miya ne?"

"Ba a ci."

"Magani ne?"

"A'a, Inna."

"To na mene ne?"

Ishaƙ ya sosa ƙeya. "Na kallo ne."

Hajaratu ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Shi kuwa bai fasa ba. Ya ce kusa da masaukinsu a Ikko akwai gidan wata tsohuwa Bayarabiya, wannan abin ya nannaɗe mata baranda gaba ɗaya. Ya ce furensa a cure yake fitowa, kamar an tara taurari cikin tafin hannu, kowanne kamar da kakin zuma aka yi shi, in magariba ta yi kuwa ƙamshinsa har kan hanya. Kullum sai ya tsaya ya kalla, har tsohuwar ta gane, ta yanko masa. Ya ce tun daga can yake ba shi ruwan shansa.

"Na ga kina son furen lalle," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Na ce sai kin ga wannan."

"Aikin banza," in ji Zinariya. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kafin la'asar ta nemo wata tsohuwar tukunya mai tsaga a gindi, ta cika ta da rairayi da ruɓaɓɓen taki, ta dasa reshen, ta ajiye ƙarƙashin rumfa kusa da randa, inda rana ba ta dukan wurin sai da sassafe. Ruwa a Gumel ba abin wasa ba ne, rijiyoyin da nisan gindi. Sai ta mai da bakin tukunyar wurin alwalarta, duk abin da ya zuba daga hannunta ya sauka a ciki. Reshen ya yi kamar ba zai yi ba, ya daɗe a tsaye babu motsi, sannan wata safiya ta ga ɗan jan toho a hammatar ganye. Da Hajaratu ta karya wani ganye bisa kuskure, farin ruwa ya fito kamar na yaɗiya. Daga nan matan unguwa suka sa masa suna yaɗiyar Ikko.

Ishaƙ ya yi tafiya ya dawo, ya sake yi ya dawo. Kowace dawowa sai ya tsuguna gaban tukunyar ya ce, "Bai yi ba tukuna?" Ita kuma ta ce, "Ka dai kawo mini wahala." A tafiyar da ta biyo baya, shekarar da ake ta maganar yaƙin Turawa da Jamus, abokan korensa suka dawo babu shi, babu kuma amininsa Sajo. Suka ce a Ikko ana tara maza masu ƙarfi don su yi wa soja ɗaukar kaya, an zuba su a jirgin ruwa an yi wata ƙasa da su. Wani ya ce da kansa ya shiga. Wani ya ce tare su aka yi a bakin kasuwa. Babu wanda ya san sunan ƙasar.

Zinariya ta saurara har suka gama, ta yi musu sannu da hanya, ta kawo musu ruwa. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a idon jama'a. Hajaratu ce ta shiga ɗaki ta yi mai isarta.

Daga ranar, duk abin da Zinariya ba ta iya faɗa, tukunyar nan ta sha shi. Tana goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Abin da take so bai wuce ɗaya ba: ta ga abin da idon yaron ya gani har ya tsaya a hanya yana kallo. Tana jin in ta gan shi, kamar ta tsaya kusa da shi ne a wannan gari da ba ta sani ba.

Ita kuwa abin da ta sani a duniya shi ne lalle, lalle kuma wuƙa yake so. In ka datse shi har ƙasa, sai ya taso da ƙarfi, ya yi duhu, ganye ya cika kwando. In ka bar shi, sai ya yi tsawo ya rame. To, yaɗiyar Ikko tana da wata ɗabi'a. In zafi ya fara, sai ta miƙo wasu dogayen rassa sirara, tsirara, babu ko ganye ɗaya, kamar bulala, suna lilo a iska suna neman abin kamawa. Zinariya ta dube su ta ce wannan ɓarnar ƙarfi ce. Ta ɗauko 'yar wuƙarta ta datse su. Bayan ɗan lokaci wasu suka fito, ta datse. Shukar kuwa ta amsa mata yadda lalle ke amsawa: ta yi rassa gajeru, ta cika tukunya, ta yi kore shar, har mata na shigowa kallo. Fure dai babu. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce.

"Ko ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba?" in ji Hajaratu wata rana.

"Da ba ta karɓe shi ba, da ya mutu," in ji Zinariya. "Lokacinsa ne bai yi ba."

Hajaratu 'yar Gagarawa ce, doguwa, mai saurin dariya a da. Allah bai ba su haihuwa ba kafin tafiyar. Ta zauna a gidan, tana daka, tana jan ruwa, tana taya surukarta yankan lalle da shanya. Mahaifinta ya aiko ya ce ta zo gida ta zauna har a ji labari. Ɗantsoho ne ya kawo saƙon.

"Yaya, mutanen Gagarawa suna da gaskiya. Yarinya ce. Ba a san ranar dawowarsa ba."

"In ya dawo ya taras da ɗakinsa a rufe, me zan ce masa?"

"In bai dawo ba fa?"

Zinariya ta ci gaba da tankaɗe garin lallenta. Ɗantsoho ya zauna kaɗan, ya ga babu fuska, ya ɗauki sandarsa.

Sai shekarar annobar mura ta zo. Ta shigo ta hanyar Kano bayan an yi girbi, ta bi gida gida. A unguwarsu akwai ranar da masu haƙa kabari suka gaza. Zinariya ta kwanta, zazzaɓi ya ɗauke ta har ba ta gane mai shiga da mai fita. Yayan Hajaratu ya zo daga Gagarawa da jaki, ya ce ta hau su tafi tun ba ta kamu ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da kaskon kunu a hannu ta ce, "In na tafi, wa zai juya ta?" Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya koma da jakinsa babu kowa a kai.

Zinariya ta tashi, amma ba da wuri ba. Ciwon ya tafi ya bar mata tari da rashin ƙarfi, ta shafe sanyin shekarar nan da rabin bazara a kan tabarma. Hajaratu ke zuba wa tukunyar ruwan ɗauraye in ta tuna. Wuƙa kuwa babu wanda ya ɗauka.

Ranar da Zinariya ta fara fitowa tsakar gida tana dafa bango, ta tsaya ta riƙe baki. Dogayen rassan nan da ta saba datsewa sun kama ginshiƙin rumfa, sun nannaɗe shi, sun hau sama sun bi azara, wasu sun shiga cikin zana. Ba tsirara suke ba kuma. Duk inda suka sami abin riƙewa, sun fitar da ganye bibbiyu, sababbi, jajaye, masu laushi.

"Dubi yadda ya lalace," ta ce. "Miƙo mini wuƙa."

Hajaratu ta miƙo. Zinariya ta ɗaga hannu, hannun ya kasa kaiwa, numfashinta ya ɗauke. Ta zauna a kan turmi tana tari.

"Bar shi," ta ce da ta samu kanta. "In na ji sauƙi."

Da ta ji sauƙi, ruwan farko ya riga ya sauka, gona na jiranta, ba ta sami sukuni ba. Wata safiya tana alwala ta ɗaga kai, ta ga wani abu a jikin ɗaya daga sababbin rassan: ɗan gajeren tsinke ya fito daga gindin ganye, ya sunkuyo, da ɗan ƙulli a kansa. Ta duba ta ga wani, ta ga wani. Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum sai ta leƙa. Ƙullin ya rabu ya zama 'yan ƙanana da yawa, kowanne a kan siririn wuyansa, suka kumbura suka zama kamar 'yan maɓallai masu kusurwa biyar, a rufe ruf, suna sheƙi.

Ranar da suka buɗe, da la'asar sakaliya ce, an yi yayyafi an ɗauke. Hajaratu ce ta fara jin ƙamshin daga madafa.

"Inna! Inna, fito ki gani!"

Zinariya ta fito. Ga su nan a rataye a ƙarƙashin rumfa, cure cure, kowane curi kamar rabin ƙwallon goruba. Taurari ne farare masu ɗan ja-ja, a tsakiyar kowanne da wani ƙaramin tauraro mai jan ciki, da ɗigon ruwa a rataye kamar hawaye. Ta sa yatsa ta taɓa. Da tauri, da santsi, kamar kakin zuma. Ta ɗanɗana ɗigon, zaƙi. Ƙamshin kuwa yana ta ƙaruwa yayin da rana ke faɗuwa, har maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan danga tana tambayar wane turare aka sa.

"Bai yi ƙarya ba," in ji Zinariya a hankali. "Yaron nan bai yi ƙarya ba."

Ta ja tabarma ta zauna a ƙarƙashinsu. Tana ganinsa a ranta, tsaye a bakin hanyar wani gari, ƙafafunsa duk faso saboda tafiya, sanda a kafaɗa, ya ɗaga kai yana kallon barandar mutane. Ta tuna yadda ya ce "na kallo ne", da abin da ta mayar masa. Aka kira magariba tana nan zaune, sai da Hajaratu ta taɓa kafaɗarta.

Furen bai daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki taurarin suka yi ta zubowa ɗaya ɗaya, Zinariya na tsincewa tana tarawa a ƙoƙo. Aka bar 'yan tsinkayen nan a jikin reshe, gundul-gundul, kamar busassu. A gefensu kuma sababbin bulalai sun sake miƙowa.

Wata ranar kasuwa Zinariya ta kai lalle ta dawo, ta taras an share tsakar gida fes, an yayyafa ruwa. Ta duba rumfa. Hajaratu ta gyara shukar. Ta cire tsinkayen, ta datse bulalan, ta tara su a gefe za ta zubar. Ta yi ne yadda ta sha ganin surukarta na yi, tana tsaye tana murmushi tana jiran a ce mata sannu.

Zinariya ta sauke kwandonta. Tun da furen ya fito take zargin cewa barin da aka yi wa rassan ne ya kawo shi, ba ta dai faɗa ba. Ta ga farin ruwa na ɗiga daga wuraren yankan, wani abu ya taso mata.

"Wa ya sa ki?"

"Inna, gani na yi sun bushe..."

"Ke kika dasa? Ke kika ɗauko shi daga bakin teku? Ko gajiya kika yi da zaman, kike so ki share duk abin da ya bari kafin ki tafi?"

Hajaratu ta tsaya kamar an mare ta. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba. Ta ajiye wuƙar a kan randa.

"Inna, ke ya bar miki tukunya, kina ganinta tana girma. Ni zane ya bar mini, ya tsufa har ya yage. Ni ma jiran nake yi. Ba ni da inda zan zuba nawa ne kawai."

Ta shiga ɗaki. Kwana da kwanaki gidan ya yi shiru, gaisuwa kawai ke haɗa su. Zinariya ta san ta yi ɓarna, amma bakinta bai saba da ba ƙaramin mutum haƙuri ba. Abin da ta iya shi ne ta riƙa tashi tun da asuba ta ja ruwan kafin Hajaratu ta fito.

Ana cikin haka, bayan an sare gero, Sajo ya dawo. Ɗantsoho ne ya shigo da shi har tsakar gida. Da ƙyar Zinariya ta gane shi. Saurayin da ta sani mai ƙiba ya zama kamar kara, yana ɗingishi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe bai ɗago ba. Hajaratu na tsaye a bayan ƙofa.

Ya ce ƙasar da aka kai su ruwa ba ya ɗaukewa, taɓo har gwiwa, kaya a ka, abinci kaɗan. Shi da Ishaƙ ba su rabu ba, tare suke kwana, tare suke cin ɗan abin da aka ba su. Sai ciwon ciki ya kama Ishaƙ. Ya yi ta daurewa har ya kasa ɗaukar kaya. Aka ɗora shi da wasu marasa lafiya a keken shanu, aka ce za a kai su asibiti a bakin teku.

"A zaune yake, Inna, ba a kwance ba. Har ya yi mini magana. Ya ce in riƙe masa butarsa, zai karɓa."

"Daga nan fa?" in ji Ɗantsoho.

"Daga nan ban sake ganinsa ba. Da aka sallame mu na tambaya a bakin teku, babu wanda ya sani. Na zauna a Ikko ina tarar duk jirgin da ya zo. Ban ga gawarsa ba, ban kuma ga saukarsa ba. Da na san wani abu, wallahi da na faɗa."

Zinariya ta dubi tafin hannunta.

"Da aka ɗora shi," ta ce, "an lulluɓe shi? Ka ce ƙasar da ruwa."

Sajo ya ce ya yafa masa bargonsa.

"Allah ya saka maka."

Ya fito da butar daga jakarsa, ta ƙarfe ce, duk ta lotse. Zinariya ta dube ta, ta juya ta kira Hajaratu, ta ce a ba ta. Wannan ne haƙurin da ta bayar, Hajaratu kuma ta gane.

Rani ya wuce. Zinariya ba ta ƙara kusantar shukar da wuƙa ba. Sababbin bulalai suka fito, ta ɗaura musu igiyar rama daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi don su sami abin kamawa. Amma da damina ta zo, rassan ba su kai ga yin fure ba, kuma duk wuraren da aka cire tsinke babu abin da ya fito. Ta riga ta fid da rai a wannan shekarar, sai Hajaratu ta kira ta da wani hantsi. Can sama, a lungun azara inda hannu bai kai ba ranar gyaran, tsinke ɗaya ya tsira.

Suka jawo turmi suka kife. Hajaratu ta riƙe ta, Zinariya ta hau. Tsinken bara ne, ga tabon tsofaffin furanni a jikinsa zobe zobe. Ya ƙara ɗan tsawo, a kansa kuma sabon curi ya fito, ya fi na bara cika.

"Ashe bai bushe ba," ta ce. "A tsohon wurin yake maimaitawa." Ta sauko da ƙyar. "Ba ke kaɗai ba ce. Ni shekara nawa na yi ina yanke masa hannu, ina cewa gyara nake yi? Da na bar shi tun farko, da mai gidanki ya gani da idonsa a gidan nan."

Hannun Hajaratu na riƙe da na surukarta har yanzu. Zinariya ta dubi hannun. Ya yi kaushi, igiyar guga ta ci tafin, faratan fari fat. Yarinyar nan a cikin lalle take kwana take tashi, ita ke yanka, ita ke daka, amma Zinariya ta rasa tuna ranar ƙarshe da ta ga jan lalle a hannunta. Ta ɗaga kai ta dubi fuskarta sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ba yarinya ba ce kuma.

Da yamma ta aika a kira Ɗantsoho.

"Mutumin nan na garin Sule Tankarkar da ka taɓa yi mini maganar yana neman Hajaratu na ƙi ji. Yana nan?"

"Cindo baduku? Yana nan, Yaya. Matarsa annobar nan ta ɗauke. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ya ce ba zai matsa ba."

"Ka tambaye ta. In tana so, ka kai ni wurin alƙali. Ni zan yi bayani da bakina."

"Kin haƙura ke nan da dawowarsa?"

"Ban haƙura ba. Jiran nawa ne, ni zan yi abina."

Hajaratu ta yi kuka, ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba. Zinariya ta ce Sule Tankarkar ba bakin teku ba ce. Alƙali ya saurari Sajo, ya duba ya ga shekarun da shari'a ta ɗiba wa matar wanda ya ɓace sun cika, ya ce ta yi idda. Da ta gama aka sa rana bayan kaka. Mutanen Gagarawa suka zo ɗaukar 'yarsu don a yi bikin a can, Zinariya ta roƙe su alfarma ɗaya, suka yarda. Ita ta zaɓi ganyen daga sabon tohon gonarta, ita ta daka, ta kwaɓa, ta zaunar da Hajaratu a kan tabarma ta ƙunsa mata hannu da ƙafa. Da aka kwance, ya kama har ya yi duhu.

Ta bi 'yan rakiya har Sule Tankarkar a kan jakin Ɗantsoho. Ta ga ɗakin, ta ga rijiyar unguwar ba nisa, ta ga Cindo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta da "Inna". Da za ta taho, Hajaratu ta riƙe bakin zanenta, sai da wata tsohuwa ta ɓamɓare hannun.

A hanyar dawowa suka ci karo da Sajo ya nufi Maigatari, ƙafar ta warke, zai sake bin shanu kudu. Zinariya ta tsai da jakin.

"In ka isa, ka ƙara tambaya. Ko a masallaci, ko a wurin masu bara. Wani ciwon yana ɗauke wa mutum hankali ya manta garinsu."

"Zan tambaya, Inna. Duk zuwa zan tambaya."

Ta iso gida rana ta yi sanyi. Ɗantsoho ya ce ta zo ta ci tuwo a gidansa, ta ce a'a, ta gaji. Ta buɗe ƙofa, ta kore kajin maƙwabta daga tsakar gida, ta hura wuta. Sai da ta gama tuƙi ta kwashe, sannan ta ga ta yi malmala ta mutum biyu. Ta tsaya da mara a hannu tana kallon akushin. Daga baya ta rufe ɗaya da faifai, ta je bakin danga ta kira maƙwabciyarta ta miƙa mata, ta dawo ta zauna ta ci nata.